Daminar da Na Zargi Habu

Yau kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Funtuwa ba. Marka ce irin ta Agusta, ba ta zuba sosai, ba ta kuma ɗaukewa, sai yayyafi mai naci kamar baƙon da aka raka ƙofa sau uku yana dawowa da sabon zance. Littattafaina sun fara warin danshi, gishiri ya narke a kwano, maƙwabciyata kuma tun safe take faɗa da ɗanyen itace, hayaƙinsa yana tsallako katanga yana shigo mini ta taga. Hayaƙin nan ne ya ɗauke ni ya mayar ƙauyenmu na bayan Malumfashi, wata damina shekara goma sha wani abu baya, daminar da mahaifiyarmu ta kwanta ciwo, ni kuma na naɗa kaina ɗan sandan ciki ba tare da kowa ya nema ba.

Ni ne ɗan fari. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ɗauka wani muƙami ne. A wajenmu kuwa, ɗan fari shi ne ɗan da uwarsa take jin kunya. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, Inna kuma ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "wancan" nake. Da na fara koyarwa a sakandare sai aka ƙara mini girma na zama "mutumin Funtuwa". Ba ta cin abinci a gabana, ba ta shan ruwa ina kallo. In na durƙusa na gaishe ta, bango take amsa wa. Ba ƙiyayya ba ce. Na san wadda take aiko mini da daddawa da kuka duk wata, ko da yake mai kawowa cewa yake "an ce a ba ka", sai ka ce daga sama aka ce.

Sauran manyan gidan biyu ne. Akwai Habu, autanmu, wanda na girme shi da shekara tara, shi ya riƙe gonakin da mahaifinmu ya bari. Bai wuce firamare ba, amma ya sauke Alƙur'ani, ga murya mai daɗi, har ya zama shi ke jan salla a masallacin unguwa duk ranar da liman ya tafi kasuwa ko ciwon ƙafarsa ya tashi. Wannan ita ce duk sarautar Habu a duniya, kuma yana ji da ita. Sai matarsa Larai, wadda ita ma kunyata take a matsayina na yayan miji: in na shigo ta nan, ta fita ta can. Ka ga ke nan na zo gida mai manya uku, biyu daga ciki al'ada ta hana su yi mini doguwar magana. Ni kuwa, da yake malami ne, na saba ɗaukar shiru a matsayin an gane.

Daminar ta zo da ƙeta. Ruwan farko ya sauka da wuri, kowa ya zuba iri, sannan sama ta kame bakinta sati uku. Masara ta fito tsawon ɗan yatsa ta ƙone. Aka sake shuka da abin da aka ajiye don ci. Saboda haka lokacin da na iso hutun ƙarshen shekarar karatu, rumbunmu in ka leƙa ka yi tari sai ya amsa maka, sabuwar masara kuwa ko goyo ba ta fara ba. Daga nan ruwan da ya ƙi zuwa a kan kari ya zo ya rama. Soro ya riƙa ɗiga, hanyar da ta haɗa mu da kwalta ta zama kunun laka, mai babur ma sai ya yi addu'a kafin ya kutsa. Da safe koko tsararo. Da rana kwaɗon tafasa ko rama, wanda ƙuli-ƙulin cikinsa sai an yi bincike kafin a gano shi. Da yamma tuwon da Larai take yankawa ƙanana kamar sabulun otal. Tufafi ba sa bushewa, kowa yana warin hayaƙi, sauro kuwa yana karɓar zakkarsa ba ya duba ko an kai nisabi.

Ciwon Inna a ƙugu ya fara tun bazara, ya gangara cinya. Na kai ta asibiti a Malumfashi ta kwana uku. Likita ya ja ni gefe ya ce abin ya shiga ƙashi, babu aikin da za a yi, sai dai a rage mata raɗaɗi ta zauna gida cikin 'ya'yanta. Ya rubuta wani kafso, rabi kore rabi rawaya, ɗaya safe ɗaya yamma, aka zuba mini a 'yar leda. Mai ba da maganin ya ce, "Malam, a adana. Irin wanda samari ke nema ne." Na ce kada ya damu, ni mai tsaron jarrabawa ne. Na sa ledar a jakar da nake ajiye takardun ɗalibai, na kulle, makulli a aljihun 'yar ciki. Daga ranar ba wanda ya isa ya taɓa maganin Inna sai ni.

Ga yadda muke yi. In gari ya waye sai in yi sallama a ƙofar ɗakinta, ta juya fuska bango. In ajiye kafso a kan faifai, kofin ruwa a gefe, in ce wa iska, "Ga maganin safe." Sai in fita in tsaya bayan labule, don na san ba za ta kai komai baki ina ciki ba. In ji ƙarar kofi, in ji ta ƙware, tari biyu ko uku. In ce "Sannu," bango ya ce "Yauwa." In koma in tarar faifai wayam, ruwa ya ragu. Sai in zaro biro in yi maki a kalanda, kamar mai kiran suna a aji. Bayan la'asar a maimaita. Ban taɓa fashi ba ko sau ɗaya, kuma ina son a rubuta mini wannan, don shi kaɗai ne abin kirkin da na yi a watan.

Sai dai ciwon bai san da kalandata ba. Inna ba mai raki ba ce. Mata sun ce ta haifi bakwai ba a ji muryarta a tsakar gida ba. Amma da hantsi ina zaure ina duba takardu sai in jiyo nishi yana fitowa ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya cusa gefen zani a baki. Larai ta ce gumi take yi a cikin sanyin nan har tabarma ta jiƙe. Ta daina cin tuwo ma. A kai mata, a dawo da shi yadda yake. Sai kunu mai kauri take ɗan kurɓa. Duk muka yi wa abin kyakkyawar fassara: tsohuwa ta san halin rumbu, tana bar wa jikoki rabonta. Har ƙwalla na yi a kan wannan sadaukarwa. Wata rana Larai tana wucewa da kasko a hannu, ta dubi kaskon ta ce masa, "Inna fa tana ƙwarewa da yawa." Ni ma na dubi kaskon na ce masa tsufa ne, a riƙa ba ta a hankali. Na koma kan takarduna ina jin na warware matsala.

Da ledar asibiti ta ƙare na sayo ta biyu da takardar likita a kemis ɗin Sande a Funtuwa. Sande ɗan Ibo ne, amma a garin aka yanke cibiyarsa, Hausarsa ta fi ta rabin ɗalibaina tsabta. Sati guda bayan nan, nishi bai ragu ba, na yanke hukuncin jabu ya sayar mini. Na ratsa laka na hau mota na same shi.

"Sande, tsakaninka da Allah, wannan magani ne ko garin rogo?"

"Haba Malam. Garin rogo a wannan watan? Ai ya fi maganin wuyar samu."

Ya ɓare ɗaya a tafin hannunsa ya ce in ɗanɗana. Na taɓa da harshe, ɗaci ya kama ni har kunne.

"Na asibitin da ta fara sha, ya yi mata aiki?"

Wannan tambayar na manta ban yi wa kaina ba, don ba ta dace da bincikena ba.

"To ka gani. Malam, ba na son shiga maganar gida, amma ka tabbata cikinta yake shiga? Damina ce fa. 'Yan ƙwadago in suka samu biyu sai su wuni a duƙe ba su miƙe ba. Akwai masu buɗe kafso su juye, su cika da gari su mayar, ko likita ba zai gane ba."

Ka tabbata cikinta yake shiga? Da na tsaya a wannan rabin na maganarsa, da kowa ya huta. Ni sai na ɗauki rabi na biyu na hau mota da shi.

Na fara kallon Habu. In zan yi wanka ai rataye 'yar cikin nake yi a ƙusa, makulli a ciki. Wa ke tsakar gida a lokacin? Habu. Wa ke fita gona da koko tsararo a ciki ya yi noma har azahar? Habu. Idonsa ja wur. Ga hayaƙin ɗanyen itace da ya ja idon kowa a gidan har da nawa, ga rashin barcin wanda ɗakinsa yake jikin na mai nishi, amma mai zargi ba ya son bayani mai sauƙi. Na ɗaura siririn zare a bakin jaka. Kwana biyar zaren bai motsa ba, abin da ya tabbatar mini cewa ɓarawon gwani ne.

Ranar Asabar aka yi gayyar huɗar dawa a gonarmu ta bakin rafi. Yanzu abin ya ja baya. Mutum ɗaya da jarkar feshi a baya da shanu biyu ya gama abin da a da sai an tara unguwa. A lokacin kuwa maza wajen ashirin suka jeru da garma, ƙafa cikin taɓo har idon sawu, ana tsere ana zolaya, ƙasa tana juyewa baƙa tana ƙamshi. Larai ta ƙarar da tsakin da ya rage ta yi musu fate. Ni da hannuna ya saba da alli aka ba ni aikin da ya dace da ilimina, wato raba ruwa.

Da rana ta ɗan leƙo, Habu ya ɗago daga can gaba ya ƙwala mini kira. "Yaya, akwai goro a aljihun rigata, ga ta can jikin ɗorawa. Raba musu."

Na zura hannu. Na ji goro. A ƙarƙashin goron na ji wani abu mai santsi. Kafso biyu, kore da rawaya, sun ɗan jiƙe, da yashi a jikinsu. Sai bayan shekaru na tsaya na yi tunanin cewa ɓarawo ba ya aiken ɗan sanda aljihunsa. A lokacin daɗi kawai na ji, irin na wanda lissafinsa ya fito daidai.

"Habu! Zo nan."

Ya taho da garma a kafaɗa, gumi na bin ƙirjinsa. Masu huɗa suka miƙe suna dafe ƙugu.

"Mene ne wannan?"

"Af, na manta. Tsintarsu na yi da safe a bayan ɗakin Inna, ƙarƙashin taga. Na ɗauke kada kaji ko yara su haɗiye. Da ma ina so in nuna maka."

Shekara ashirin ina kama ɗalibai da satar amsa, ban taɓa kama wanda ba tsintar takardar ya yi ba. Na ɗaga hannu sama yadda na layin ƙarshe zai gani, na yi amfani da muryar da nake yi wa taron ɗalibai magana da safe.

"Tsinta? Uwarka na can tana cizon zani, kai kana nan kana noma da maganinta?"

Wani ya ce "Subhanallahi." Wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba, "Shi ya sa ba mai kamo shi." Habu ya dube ni, ya dubi mutane, ya ce, "Yaya, a nan?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya koma layinsa ya duƙa.

Ranar Litinin liman ya tafi kasuwa. Aka ta da iƙamar azahar, Habu ya taka zai shiga gaba kamar kullum, sai Alhaji Mamman, dattijon unguwa, ya riƙo hannun rigarsa ya ce, "Bari Malam Sule ya ja mu yau." Habu ya ja da baya. Kafin mako ya zagayo yara sun sa masa suna, Habu Kafso. Ni ina sahun gaba ina gaya wa kaina cewa gaskiya ɗaci gare ta. Na mayar da makulli wuya da igiya, ko wanka da shi nake yi. Nishin Inna bai ragu ko kaɗan ba. Wannan ya isa ya koya wa mai hankali wani abu. Ni sai na fara kallon Larai.

Ruwa ne ya cece ta daga gare ni. Ranar Alhamis da hantsi aka tsuge kamar da bakin ƙwarya, soron Inna ya ɓule daidai kan gado. Habu yana gona yana buɗe wa ruwa hanya, don haka Larai ita kaɗai ta ja gadon, ta kwashe kwanukan da ke ƙarƙashi. Ina zaure sai na ga abin da ban taɓa gani ba a shekara taran aurenta: ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, a jiƙe sharkaf, ta dube ni ni ɗin, ba kasko ba.

"Yaya Malam."

Ta ajiye wani ɗan kwanon samira ta ɗaga murfin. Kafso ne, ya kusa rabin kwano. Wasu lafiya lau. Wasu sun manne da juna, launinsu ya zuba, sun lanƙwashe: waɗannan an sa su a baki an yi fama da su, an fito da su.

"A ƙarƙashin gadonta," in ji Larai. "Ba ya wucewa, Yaya. Ko lomar tuwo ba ta wucewa. Ba don yara take bari ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa. Ka ce tsufa ne." Ta sunkuyar da kai. "Na maganin kuwa ban sani ba. Kai kaɗai kake shiga da shi."

Ban ƙirga su ba. Ba sai an ƙirga ba. Adadinsu yana nan a kalandata da jan biro.

Na tsaya a wurina na kullum, bayan labule, Larai ta shiga ta zama tafinta tsakanin mutum biyu masu yare ɗaya da ke jin juna sarai.

"Larai, tambaye ta, don me?"

"Ki ce masa a nan yake tsayawa, kamar tsakuwa. Na gwada, na sake gwadawa, har numfashina ya ɗauke. Wasu ta taga nake jefawa in na ga wuri babu kowa, sai na ji tsoron kaji."

"Me ya sa ba ta faɗa ba?"

"Wa zan faɗa wa? Shi?" Ta huta. "A asibiti na ga wata a gadon kusa da ni, an zura mata roba ta hanci ana ɗura mata koko. In na faɗa, ɗaukata za ku yi ku mayar. Ni a ɗakina nake so."

Sannan Larai ta gaya mata abin da aka ɓoye mata duk kwanakin nan: gona, masallaci, sunan da yara suka sa. Inna ta saurara har ƙarshe.

"Mutumin Funtuwa ne ya yi wa Auta haka?"

Larai ta ce mata shi ne.

"Ki ce masa ya ɗauki kwanon nan ya kai masallaci."

"Larai, ce mata in na kai, gari duka zai ji abin da ke tsakaninta da maƙogwaronta."

"Su ji. Tawa kunyar ta kusa ƙarewa. Auta kuwa da sauransa."

Masallaci na iya jira kwana ɗaya, ciwo ba ya jira. Na ƙulle kwanon a leda na sami mai babur ɗin da ya yarda ya shiga laka, rabin hanya ni na tura shi. Yau da a ce haka ta faru, kiran waya ɗaya ya isa. A lokacin sai ka hau tudun makabarta kafin waya ta kama. A asibiti na faɗa hannun wata malamar jinya, dattijuwa mai gilashi. Ta buɗe kwanon ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, kai malamin me ne?"

"Tarihi, Hajiya."

"To da sauƙi. Na ɗauka na kimiyya ne. Ka taɓa tsayawa ka ga ta haɗiye?"

"Ni ɗan fari ne."

Ta cire gilashin. "Ku 'yan fari kun ishe mu a asibitin nan. Ba ka da ƙane?"

"Ina da shi."

"Yana da hannu?"

Ta kai ni wurin likita aka sake rubutu. Aka ba ni na ruwa a kwalba, da sirinji marar allura mai layuka don awo, aka nuna mini layin da ba a wucewa. Aka ƙara wata 'yar ƙaramar ƙwaya da aka ce ita ana iya murƙushe ta tsakanin cokali biyu. Hajiya ta riƙe kwalbar ba ta sake mini ba sai da ta gama.

"Kada ka je ƙauye ka ce an ce a riƙa daka magani. Wannan kaɗai na ce. Akwai wanda aka yi shi don ya riƙa narkewa a hankali wuni guda. In ka daka shi ka ba ta na wuni a lokaci ɗaya, sai barcin da ba a tashi. Kowane iri, a tambaya tukuna. A zaunar da ita sosai, ba a kwance ba, ta ɗan sunkuyar da haɓa. A cikin cokali ɗaya na kunu mai kauri, ba a cikin kwano guda ba, don ba za ta shanye ba, ku kuma ba za ku san nawa ya shiga ba. Kuma wanda zai ba ta ya zama wanda za ta iya ce wa 'tsaya'. Waɗannan na kwanon, ka dawo mana da su mu zubar."

"Hajiya, roba fa? Ta hanci?"

"In dai kunu na wucewa, ba roba. Ka gaya mata. Au, na manta. Ka sa a gaya mata."

Na iso gida bayan la'asar, laka har gwiwa. Habu yana tsakar gida yana wanke garma. Na cire igiyar wuyana na miƙa masa tare da kwalbar, na maimaita masa duk abin da aka ce, na nuna masa layin.

"Daga yau kai za ka riƙa ba ta."

Ya juya kwalbar a hannunsa. "Ba ka tsoron in shanye?" Ba murmushi a fuskarsa.

Ya shiga. Daga bayan labule na ji yadda ake ba uwa magani in ba ɗan fari ba ne. Ya zauna a bayanta ya jingina ta da ƙirjinsa. "Inna, sunkuya kaɗan." "Auta, a hankali mana, ba akuya kake wa ɗura ba." "To buɗe." "Ɗaci." "Ai kin sha maɗaci kin rayu." Ban taɓa sanin tana da baki haka ba. Kafin magariba nishin ya lafa. Larai ta ajiye taɓarya, aka kore kaji bayan gida, muka zauna muna sauraren munsharin tsohuwa kamar masu jin karatu.

Washegari bayan sallar la'asar na miƙe kafin a watse. Na ajiye kwanon a kan tabarma na buɗe. Na yi bayani daki-daki, da gabatarwa da hujja da kammalawa, na ce abin da na faɗa a gona ƙarya ne da jahilci, Habu bai taɓa ko ɗaya ba, tsintar da ya ce ya yi gaskiya ce. Mutane suka leƙa kwanon bi da bi. Liman ya ce Allah Ya tsare mu da mugun zato, aka shafa.

Ina waje ina neman takalmina sai na jiyo Alhaji Mamman yana yi wa na kusa da shi raɗa, irin raɗar tsofaffi da ake ji daga bakin rijiya.

"Ɗan boko ke nan. Jiya fa aka gan shi a Malumfashi da leda. Ya sayo ƙwaya ya zuba a kwano. Ai ya kyauta, ɗan'uwa rabin jiki ne. Amma mu ba yara ba ne."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ba yadda zan yi in ce hujjarsa ba ta da tsari. Irin tawa ce sak. Rabin unguwa suka yarda da kwano, rabi suka yarda da Alhaji, liman kuma, da yake mai son zaman lafiya ne, ya ci gaba da bar wa Malam Sule jan salla in ba ya nan. Inna ta ga sabuwar masara ta sha kununta, ta rasu a ɗakinta bayan an kai dawa gida. Habu bai sake jan salla ba, har yau da furfura ta cika masa gemu.

Amma a ranar ban san haka za ta kasance ba. Na ɗauki kwanona na bi shi da sauri na cim masa a kan hanyar gida.

"Ka ji abin da Alhaji ya ce? Bari in koma in same shi a gaban kowa."

"Yaya, ka yi magana a gona, ka yi a masallaci. Ya isa haka."

"To ka yafe mini."

Bai tsaya ba. Ya ɗaga kai ya dubi inda ya kamata rana ta kasance.

"Ɗaga ƙafa. Lokacin maganinta ya yi, kuma ba ta karɓa sai daga hannuna."

Na bi bayansa cikin laka, rungume da kwano.